Darasin da Ba Ya Buƙatar Kwangila

Duk sa'ad da wata gwamnati ko wani mai makarantar kuɗi a Najeriya ya ɗaura ɗamarar "zamanantar da ilimi", an san abin da zai biyo baya: sayen kaya. Za a jera kwamfutoci a ɗaki guda, a manna ƙaton allon lantarki a bango, a gayyato 'yan jarida, babban baƙo ya yanka kintinkiri, a ɗauki hoton yara suna shafa gilashi da yatsa. Bayan zango biyu ko uku, wanda ya koma zai iske ɗakin a garƙame, mabuɗin yana aljihun wani malami da aka yi wa canjin wurin aiki, ƙura ta lulluɓe injinan, janareta kuwa rabonsa da mai tun ranar biki. Darasin lissafi yana nan inda aka bar shi, da alli, da baƙin allo, da malamin da muryarsa ba ta kai benci na goma.

Alhali akwai wata fasaha da ta fi duk waɗannan dacewa da ajin da ake da shi a zahiri, kuma ta daɗe a aljihun malamai masu yawa. Ita ce manhajar da ke naɗar abin da ke gudana a fuskar waya ko kwamfuta, haɗe da muryar mai magana, ta mayar da shi bidiyo. Malami ya buɗe farin shafi, ya rubuta tambaya, ya warware ta daki-daki yana bayani, ya danna tsayawa. Darasi ya samu ke nan, kuma ana iya kallonsa sau ɗari. Wayoyin iPhone sun zo da wannan dama tun 2017, ta zama ɓangaren tsarin Android a 2020, PowerPoint yana da maɓallinta, OBS Studio kuwa kyauta ce ga duk mai so. Naɗar allo ba ta neman intanet a lokacin aiki, ba ta neman ɗaki na musamman. Babban aibinta a idon masu yanke shawara shi ne ba ta da kwangila. Babu kwantenar da za a sauke a tashar Apapa, babu kason kowa, babu abin da babban baƙo zai tsaya a gabansa a ɗauki hoto.

Tarihin sayen na'urori da sunan ilimi cike yake da kaburbura. A 2007 makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja ta shiga bakin duniya, domin tana cikin wuraren farko da aka gwada shirin nan na bai wa kowane yaro kwamfutar tafi-da-gidanka, wanda Nicholas Negroponte na jami'ar MIT ya assasa. Hotunan yara riƙe da 'yan korayen kwamfutoci sun zaga ko'ina, shirin kuwa bai taɓa game Najeriya ba. Ƙasar Peru ce ta rungume shi hannu bibbiyu, ta raba kwamfutocin dubbai bisa dubbai, amma da masu bincike na Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka suka fitar da awonsu a 2012, ba su ga ci gaba a makin lissafi ko na harshe ba, sai ɗan ƙarin kaifin tunani a wasu gwaje-gwaje. A 2013 hukumar makarantun Los Angeles ta ƙuduri aniyar bai wa kowane ɗalibi iPad a wani shiri na fiye da dala biliyan 1, cikin shekara biyu ya wargaje. A shekarar ce jihar Osun ta ƙaddamar da nata Opon Imo da kiɗa da guɗa, ga shi yau ba a jin ɗuriyarsa. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a fagen ilimi ya faɗi abin da ake jin nauyin faɗa a gaban 'yan kwangila: ingantattun hujjoji kan amfanin waɗannan kayayyaki kaɗan ne, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake yawo da su daga wurin masu sayar da kayan suka fito.

Labaran da suka yi albarka ta wata ƙofa suka shigo. A 2004 Salman Khan, ma'aikacin wani kamfanin zuba jari a Boston, ya fara koya wa 'yar uwarsa Nadia lissafi daga nesa, ita tana New Orleans. Da dangi masu neman darasi suka yi yawa, lokaci ya ƙi haɗuwa, sai ya koma naɗar fuskar kwamfutarsa yana rubutu yana magana, ya fara ɗora darussan a YouTube a 2006. Babu fuskarsa a ciki, babu ɗakin ɗaukar shiri. Baƙin shafi ne, da rubutun hannu mai launi, da murya. Daga nan Khan Academy ta tsiro. Ya sha ba da labarin cewa yaran sun gaya masa sun fi son sa a bidiyo a kan ido da ido, kuma dalilin a fili yake: bidiyo ana tsayar da shi, a koma baya, a sake ji, ba tare da jin nauyin ɓata wa kowa lokaci ba.

Wanda ya fi kama da halin da makarantun Arewa ke ciki shi ne labarin wasu malaman kimiyyar sinadarai biyu, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, a sakandaren Woodland Park da ke jihar Kolorado ta Amurka. Makarantar ta karkara ce, ɗalibai kan shafe sa'o'i a mota zuwa wasanni a wasu garuruwa, su rasa darasi. A 2007 malaman suka sami manhajar naɗar allo, suka fara ajiye darussansu saboda waɗanda ba su halarta ba. Ɗaliban da ba su da intanet a gida, aka zuba musu a filas ko faifan DVD. Daga baya suka juya tsarin gaba ɗaya: bayani a kalle shi a gida, lokacin aji a yi aiki, malami yana zagayawa yana duba inda kowa ya maƙale. Babu ɗayansu da ya fara da tambayar wace na'ura za a saya. Matsala ce ta malami, wato ɗalibi ba ya nan sa'ad da aka yi bayani, suka nemo mata magani mafi araha.

Idan rashin halarta ne ya haifar da wannan dabara a Kolorado, to Arewacin Najeriya ya fi kowa buƙatarta, domin katsewar karatu a nan ta zama kamar wani ɓangare na kalandar makaranta. Damina tana janye samari zuwa gona, ranar kasuwa tana janye 'yan mata zuwa talla. A watan Maris na 2020 korona ta rufe makarantu, 'yan ajin ƙarshe ba su koma ba sai a watan Agusta, sauran kuma sai bayan haka. Sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar wannan shekara, da na Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, ya sa jihohi da dama suka rufe makarantun kwana. A jami'o'i, yajin aikin ASUU ya ci wata tara a 2020, ya sake cin wata takwas a 2022. Duk wanda ya rasa makonnin da aka koyar da tushen wani darasi, haka zai ci gaba da ɗora gini a kan rami har ya kai zauren jarrabawa.

Amsar da manyan makarantu suka bayar a lokacin korona ita ce aji kai tsaye ta Zoom da makamantanta, kuma har yau shi ake nuna wa iyaye a matsayin wayewa. Aji kai tsaye yana neman abu uku a lokaci guda, a hannun malami da kowane ɗalibi: wuta, da sabis, da data. Ɗaya ya kuskure, darasi ya tafi kuma ba ya dawowa. Lissafin kuɗinsa ma ba ya buƙatar masani. Haɗin da ke jan megabit ɗaya a daƙiƙa, wanda ba wani abin a zo a gani ba ne ga taron bidiyo, yana cinye megabayit 450 a awa guda. Darasi huɗu a rana, kwana biyar a mako, ya zama gigabayit 9 a kan yaro ɗaya, a gidan da ƙila akwai yara biyar. Kuma tun Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari.

Bidiyon allo kuwa ba shi da nauyi, kuma akwai dalili. Manhajar da ke matse bidiyo ba ta adana kowane hoto daga farko. Abin da ya canza tsakanin hoto da hoto take ajiyewa, kuma a farin shafin da ake rubutu a kai, abin da ke canzawa ɗan layin alƙalami ne kawai. Mutum ɗaya ya sauke, sauran su karɓa hannu da hannu ta Xender ko a memori, babu ko sisin data. A Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, duk wani aji na kai tsaye ya mutu nan take. A Oktobar 2024, da lalacewar manyan layukan wuta ta jefa yawancin Arewa cikin duhu na kwanaki, haka abin yake. Darasin da ke cikin memori shi kaɗai ne zai rayu a irin waɗannan ranaku, muddin mai cajin waya na bakin titi yana da sola ko ɗan janareta.

Hanyar rarrabawa ma ba sai an gina ta ba. Akwai ta a kowace kasuwa da tasha, a rumfunan masu tura fina-finai da waƙoƙi a waya, waɗanda suka kai Kannywood ƙauyukan da gidan waya bai taɓa sani ba. Al'ummar da ta yi shekaru tana ɗaukar karatu da tafsiri daga kaset, tana mayar da shi baya da biro idan ta rasa wata gaɓa, ba ta buƙatar taron bita kafin ta gane amfanin malamin da aka naɗa.

Kuskure ne kuma a ɗauka amfanin ya tsaya ga wanda bai zo ba. Wanda ya zo ma sau da yawa bai ga darasin ba. A ajin da ɗalibai suka haura ɗari, wanda ba baƙon abu ba ne a makarantun gwamnati na manyan biranen Arewa, malami yana rubutu bayansa ya tare allo, ya gama ya kauce, na gaba su gani, na baya su leƙa littafin maƙwabci, kafin su kwafe rabi an goge an shiga tambaya ta biyu. Abin da ke isa littafin ɗalibi shi ne gawar darasi: layuka a jere, babu abin da ya haɗa wannan da wancan. A lissafi da kimiyya kuwa ilimin yana cikin jerantawar. Me ya sa aka fara da wannan ɓangaren? Me ya sa alamar tarawa ta koma ta ɗebewa da lamba ta tsallaka? A ina malami ya ɗan dakata ya ce a nan ake faɗuwa? Littafin karatu yana nuna sakamako amma ba ya nuna hannu yana aiki. Baƙin allo yana nuna hannu yana aiki amma da zarar an goge shi ke nan. Naɗar allo ce kaɗai ke riƙe duka biyun, motsin alƙalami da muryar da ke faɗin dalilinsa. Haka yake a daidaita lissafin sinadarai, da karanta taswira, da fiɗar jimla a nahawu, har da koya wa yaro inda ake fara harafin Larabci da inda ake ƙare shi.

Akwai kuma batun kunya, wanda masu tsara manufofi daga ofis ba sa sa shi a lissafi. Yaron da aka tarbiyyantar a kan cewa ba a katse babba, da yarinyar da ta san aji zai kwashe da dariya in ta ɗaga hannu karo na biyu, ba za su ce ba su gane ba. Za su gyaɗa kai su wuce da rashin ganewarsu. Bidiyo ba ya tsaki, ba ya harara, ba ya cewa sau nawa za a faɗa. Ɗaliba tana iya mayar da minti ɗaya sau bakwai a ɗakin mahaifiyarta, babu wanda ya sani.

Inda abin ya fi ɗaure kai shi ne darasin kwamfuta kansa. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, WAEC ma ta fara bin sahu a 2024 da masu rubutawa daga waje. Amma har yanzu akwai makarantun da ake zana linzamin kwamfuta da alli a allo, a sa yara su haddace sunayen ɓangarorinsa. Yaron ƙauye yakan shiga zauren jarrabawa ya san amsa, amma ya ɓata mintunan farko yana kokawa da na'ura. Bidiyon minti biyar da ke nuna yadda ake zaɓar amsa, a tsallaka tambaya, a dawo mata, a duba agogo, a miƙa aiki, ba zai maye gurbin taɓa kwamfuta ba, amma zai rage firgicin ranar. Malamin kwalejin da ke koyar da Excel ko SPSS ta hanyar karanto matakai daga takarda, alhali zai iya nuna su ana gani, ba shi da uzuri. Gani ya kori ji.

Wani zai ce YouTube cike yake da irin waɗannan darussa, me za a yi da na malamin gida? Gaskiya ne cike yake, da muryar Ba'amurke da ta Ba'indiye, a kan manhajar karatun ƙasashensu, da misalan da yaron Gumel ko Maraɗi bai taɓa gani ba. Malamin aji ya san abin da wancan bai sani ba. Ya san daidai inda ɗalibansa suka yi tuntuɓe a gwajin makon jiya. Yana iya rubutu da Turanci ko Faransanci, yadda jarrabawa za ta zo, yana bayani da Hausa, yadda ƙwaƙwalwa za ta ɗauka. Malamai sun daɗe suna yin haka a aji, wani lokaci a ɓoye kamar masu laifi. Naɗar allo tana mayar da wannan gwaninta dukiyar da za a ajiye.

Sai dai duk wannan yabo ba lasisi ba ne ga malalaci. An riga an fara ganin mummunan nau'in abin: malamin jami'a ya buɗe shafukan PowerPoint cunkushe da rubutu, ya karanta su kalma bayan kalma na tsawon awa guda da murya ɗaya, ya tura a zauren WhatsApp na aji, ya ce ya koyar. Wannan tsohuwar shifta ce aka sa mata sabuwar riga. Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya, wanda ya shafe shekaru yana nazarin koyo ta hoto da sauti, ya nuna cewa karanta wa mutum rubutun da yake gani a gabansa yana rage fahimta, domin ido da kunne suna rububin abu ɗaya. Ya kuma nuna cewa gutsuttsura darasi ya fi zuba shi a dunƙule. A 2014 Philip Guo da abokan aikinsa suka bincika kallo miliyan 6.9 na bidiyon darussa a dandalin edX, suka gano cewa komai tsawon bidiyo, matsakaicin mai kallo ba ya wuce kusan minti shida, kuma rubutun hannu irin na Khan ya fi shafukan da aka riga aka tsara riƙe hankali. Malamin da ya naɗi awa guda, minti 54 ya yi wa kansa magana.

Akwai ma haɗarin da ya fi wannan ɓoyuwa. Derek Muller, a binciken digirinsa na uku a Jami'ar Sydney ta Ostireliya, ya nuna wa ɗaliban fiziks bidiyoyi masu bayani tsaf. Suka yaba, suka ce sun gane, ƙarfin gwiwarsu ya ƙaru, makinsu kuwa kusan bai motsa ba. Waɗanda aka nuna wa bidiyon da ya fara da kuskuren da mutane suka saba yi, sannan ya warware shi, sun ce ya rikita su, amma su ne makinsu ya tashi. Bayani mai santsi yana sa mutum ya ji kamar ya iya. Don haka kyakkyawan bidiyon allo yakan fara da amsar da rabin aji suka bayar ba daidai ba, ya bi ta har inda ta karye, ya ce wa mai kallo ya tsaya ya gwada da kansa kafin a ci gaba. Kuma dole washegari a sami wanda zai duba abin da aka gwada.

A nan ne gizo ke saƙa. Da zarar masu makarantu sun gane cewa ana iya naɗar malami, tunani na gaba da zai zo wa wasunsu shi ne ana iya sallamarsa. A naɗi gwanin fiziks zango guda, a ajiye bidiyon, a ɗauki wanda za a biya rabin albashi ya riƙa danna kunnawa. An taɓa gwada makamancin haka, kuma da kyakkyawar niyya. A 1964, da tallafin Faransa, Nijar ta fara koyar da yaran firamare ta talabijin: ƙwararru a Yamai suna shirya darussa, a aji kuma aka sa masu sa ido da ba su sami cikakken horon malanta ba. Gwajin ya burge masana, amma bai taɓa game ƙasar ba. Kodebuwa da ta faɗaɗa irinsa daga 1971 ta watsar da shi a farkon shekarun 1980, bayan ƙorafin iyaye da malamai da nauyin kuɗi. Akwati yana iya bayani, amma ba ya ganin fuskar yaron da ya ɓata a hanya. Bergmann da Sams ba su naɗi darasi don su bar aji ba; sun naɗa ne don su sami lokacin tsayawa a kan kowane ɗalibi. Duk makarantar da ta yi amfani da bidiyo ta rage malamai, cinikin iyaye ta yi, ko da wane suna ta kira shi.

Shi ya sa ƙungiyoyin malamai, waɗanda suka iya yaƙi a kan albashi, ya kamata su farka a kan mallaka tun kafin a yi ihu bayan hari. Bidiyon da malami ya naɗa da wayarsa, da datarsa, a darensa, na wane ne? Idan ya bar aiki, makaranta za ta ci gaba da amfani da muryarsa? Wannan magana ce ta rubutu da sa hannu, ba ta fatar baki ba. A ɗaya ɓangaren, ɗaliban jami'a sun san tarihin sayar da takardun darasi da tilas, inda wanda bai saya ba ya san makomarsa. Babu abin da zai hana wannan ciniki komawa bidiyo idan hukumomin makarantu ba su hana shi a fili ba. Sannan akwai sirri. Manhajar ba ta zaɓe, duk abin da ya bayyana a fuskar waya ɗauka take: saƙon iyali da ya faɗo, sanarwar banki, jerin sunayen ɗalibai da makinsu. Dokar kare bayanai ta 2023 ta tanadi neman yardar iyaye kafin a sarrafa bayanan yara, kuma bidiyon da ya shiga memori ɗaya ba ya dawowa.

Hujja mafi ƙarfi a kan duk wannan ita ce ta talauci: yaran da suka fi buƙata su ne ba su da waya. Gaskiya ne, kuma wanda ya musa bai san ƙauye ba. Amma a auna ta da adalci. Allon lantarki ba ya bin kowa gida, mai kuɗi ko talaka. Aji kai tsaye yana neman wayar da ke hannun yaro a daidai ƙarfe goma na safe, lokacin da mai ita yana kasuwa. Bidiyo yana jira har dare, a kalle shi a wayar yaya ko ta maƙwabci, yara biyar a kan tabarma ɗaya. Inda babu ko wannan, talabijin ɗaya mai karɓar filas da ƙaramar sola a makaranta sun isa a buɗe zaman maimaici da yamma. Bai share rashin daidaito ba, amma cikin duk abin da ake tallatawa shi ne ya fi sauka ƙasa.

Hujja ta biyu ita ce ingancin malaman kansu. A 2017 gwamnatin Kaduna ta sanar cewa malaman firamare 21,780 ba su ci gwajin da ta ce na 'yan aji huɗu ne ba, ƙungiyar malamai ta ƙalubalanci yadda aka yi gwajin, aka sha taƙaddama. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, tambayar tana nan: idan malami bai iya ba, naɗar darasinsa ba yaɗa kuskure ba ne? Kuskuren yana yaɗuwa tun yanzu, kullum, a bayan ƙofar aji inda babu mai gani. Wanda aka naɗa shi ne ake iya kamawa. Shugaban sashe ko abokin aiki zai iya kallon minti shida ya ce a nan an zame, kuma malamin da ya ji muryarsa karon farko yakan gano da kansa inda yake tsalle da inda yake maimaita abin da bai da amfani. Kwalejojin ilimi sun riga sun san wannan hanya. Gwajin koyarwa a taƙaice, wanda aka ƙirƙiro a Jami'ar Stanford a 1963, yana cikin manhajar NCE. Babu abin da zai hana a ce kowane ɗalibin malanta sai ya naɗi gajerun darussa a fanninsa, an duba an gyara, kafin a ba shi takardar shaida.

Idan akwai kuɗin da za a kashe, wuraren kashe shi ƙanana ne kuma ba sa kyau a hoto: makirufo mai araha, alƙalamin rubutu a gilashi, wurin caji mai sola a ɗakin malamai, memori, da uwa uba sa'o'in da za a rage wa malami a jadawali, ko alawus ɗin da za a ba shi, domin darasin minti shida mai kyau yana iya cin awa guda na shiri. Malamin da ke bin albashin watanni ba za a ce masa ya ƙara aikin dare don kishin ƙasa ba. Duk shugaban makarantar da ya zo taron iyaye da malamai da takardar neman kuɗin allon lantarki, ya kamata a fara tambayarsa darussa nawa malamansa suka naɗa a zangon da ya wuce, a wayar wa suke yanzu, kuma nawa aka biya waɗanda suka naɗa su.